Bishiyar aljanu, kukan mutuwa da zoben wata: fahimtar camfe-camfen mutanen Ailan

A watan Agustan 2017 ɗan majalisar dokokin Ailan mai wakiltar gundumar Kerry, Danny Healy-Rae, ya ce loɓawar da babbar hanyar N22 ke yi kusa da garin Killarney, duk da gyaran da aka yi mata, ba ta rasa nasaba da taɓa gidajen aljanu da ke yankin. Hukumar gundumar ta ce matsalar ta ƙasar da ke ƙarƙashin kwaltar ce. Shekaru 18 kafin nan, a 1999, wani masanin tatsuniyoyi mai suna Eddie Lenihan ya tayar da ƙura a kan wata ƙaramar bishiya mai ƙaya a Latoon, gundumar Clare, wadda aikin sabuwar hanya ya doso. Ya ce matattarar aljanu ce, sare ta zai jawo haɗurra. Aka gina hanyar, aka bar bishiyar a tsaye a gefe. A 2002 wani ya bi dare ya sassare rassanta da injin yankan katako, ta sake tohowa.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fito sai a yi ta tambaya: ƙasar da Google da Meta da Apple suka kafa manyan ofisoshinsu na Turai, da gaske mutanenta sun yarda da aljanu? Tambayar ta zuba abubuwa daban-daban cikin buhu ɗaya. A cikin abin da ake kira camfin Ailan akwai lura ta gaskiya da manoma da masunta suka tara, akwai ƙa'idojin zaman tare da aka lulluɓe da tsoro don a bi su, akwai kuma zargin da ya ci mutuncin wasu, har ya ci ran wasu. Sai an rarrabe su kafin a gane dalilin da wasu suka mutu wasu suka rayu.

## Kalmomin da ake buƙata

A harshen ƙasar na asali ana cewa piseog, kuma kalmar na da fuska biyu. Ta farko camfi ne na yau da kullum, kamar hana ɗora sabon takalmi a kan tebur. Ta biyu ta fi nauyi: sammun da ake yi wa maƙwabci don a janye albarkar gonarsa ko ta shanunsa, a binne ƙwai ko ruɓaɓɓen nama a kunyar dankalinsa ko cikin tarin ciyawarsa, da nufin yadda abin ke ruɓewa haka arzikinsa zai lalace.

Sai sí, wato aljanun, waɗanda ake kira mutanen ɓoye. Ba ƙananan halittu masu fukafukai ba ne irin na zanen littattafan yara. A labaran karkara suna da shanu, da makaɗa, da wasanni, da yaƙe-yaƙe, suna zaune a ƙarƙashin tuddai. Ba a son kama sunansu, sai a ce "mutanen kirki". Masana na danganta su da allolin da aka bauta wa kafin zuwan Kiristanci a ƙarni na 5, talakawa kuwa sun fi cewa mala'iku ne da aka koro daga sama amma laifinsu bai kai na shiga wuta ba.

Gidajen nasu su ne ráth ko lios. A zahiri kufai ne: tsohon gidan manomi mai zagayayyar ganuwar ƙasa da rami a bayanta, faɗinsa yawanci wajen mita 30, akasarinsu an gina su tsakanin ƙarni na 6 da na 10. An ƙidaya fiye da 40,000 a tsibirin. Bishiyar kuma sceach ce, mai ƙaya da farin fure a watan Mayu. Wadda ke cikin shingen gona ba ta da wata daraja. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta tsiro ita kaɗai a tsakiyar fili ba tare da hannun mutum ba. Wanda ya san yadda ake kaffa-kaffa da tsohuwar tsamiya a bayan gari ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Dalilin da ya sa aka san waɗannan abubuwa dalla-dalla shi ne gwamnati ta rubuta su. A 1935 aka kafa hukumar tattara al'adun gargajiya ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, kuma daga 1937 aka sa yara 'yan firamare fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 su tambayi iyaye da kakanni su rubuta abin da suka ji. Aikin ya tara shafuka wajen 740,000, suna ajiye a jami'ar UCD ta Dublin, da yawansu kuma an ɗora su a intanet.

## Sa'a: me ya sa man shanu ya fi komai jawo zargi

Mafi yawan camfin sa'a a karkarar Ailan ya taru ne a kan madara. Dalilin tattalin arziki ne. A ƙarni na 18 da na 19 yawancin manoma haya suke yi a gonakin manyan masu filaye. Dankalin turawa shi ne abinci, alade da man shanu su ne kuɗi. Kasuwar man shanu ta birnin Cork, wadda aka kafa wajen 1770, ta zama mafi girma a duniya a zamaninta. Gidan da mansa ya ƙi fita na mako biyu ko uku yana iya kasa biyan haya, a wurare da yawa kuma ranar biya ita ce 1 ga Mayu da 1 ga Nuwamba.

Ranar 1 ga Mayu, wadda suke kira Bealtaine, ita ce kuma lokacin da ake fitar da shanu sabuwar ciyawa bayan sanyi, madara ta fara yawa. Shi ya sa dokokin ranar suka yi tsauri. Ba a ba kowa garwashi, ko gishiri, ko madara ya fita da su daga gida, don wanda ya fita da su ya fita da albarkar shekara. Ana watsa furanni masu ruwan ɗorawa a bakin ƙofa. Ana tsaron rijiya tun daren jajibiri, saboda an yarda cewa wanda ya riga ɗiban ruwan farko, ko ya ja igiya a kan raɓar gonar wani da asuba, ya kwashe man shanun mai gonar. Akwai labarin da ya karaɗe ƙasar na tsohuwar da ke rikiɗa ta zama zomo ta tsotse shanu, a harbi zomon, a bi jini har ɗakinta a same ta da rauni.

Kaɗa madarar ma na da nasa ladabin. Ana tara maiƙon madara na kwanaki, a zuba a wata doguwar gangar katako, a riƙa soka wata sanda mai faifai a ƙasanta sama da ƙasa har man ya haɗu. Duk wanda ya shigo ana cikin aikin, ko limamin coci ne, dole ya sa albarka ya kama sandar ya ɗan kaɗa. Ba a yarda baƙo ya kunna tabarsa a murhu ya fita da ita ana kaɗawa. A ƙarƙashin gangar akan ajiye garwashi ko guntun ƙarfe. Idan man ya ƙi fita, sai a rufe ƙofa, a sa bakin garma a wuta ya yi ja, da imanin cewa zafin zai kama wanda ya yi asirin ya zo da gudu.

Abin da ke hana man fita sananne ne a yau. Maiƙon na son zafin da ke tsakanin digiri 13 da 16 a ma'aunin Salsiyas. Idan ya yi sanyi da yawa kitsen ya ƙanƙare, sai a yi ta kaɗawa yana kumfa ba ya haɗuwa. Idan ya yi ɗumi da yawa sai man ya fito ruwa-ruwa. Gangar da ba a ƙona da tafasasshen ruwa ba tana tara ƙwayoyin cuta masu sa madara yauƙi ko ɗaci. Saniyar da ta daɗe ana tatsa, ko wadda ta fito daga sanyi a rame, madararta na wahalar kaɗuwa. Matar da ba ta da ma'aunin zafi, ta kuma yi komai yadda ta yi a makon jiya, ba ta da hanyar ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da take gani shi ne maƙwabciya mai saniya ɗaya tana kai man da ya fi nata kasuwa.

A nan ne camfin ke da amfani da illa a lokaci guda. Dokar kama sanda ta rage wa mai aikin gajiya, ta kuma ba baƙo damar wanke kansa daga zargi. Amma zargin da kansa kusan kullum a kan mutum iri ɗaya yake faɗawa: gwauruwa, tsohuwa, matalauciya mai zaman kaɗaici.

Sauran camfin sa'a sun fi sauƙi. Wanda ya yaba jariri ko ɗan maraƙi bai ce Allah Ya yi albarka ba, ana zarginsa da kambun baka. A kasuwar shanu, bayan an tofa yawu a tafi an tafa hannu ciniki ya faɗa, mai sayarwa kan mayar wa mai saye ɗan kuɗi kaɗan, kuɗin sa'a, don dabbar ta tafi da albarka. Har yau ana yin wannan. Ganin wani tsuntsu dangin hankaka mai doguwar wutsiya shi kaɗai alamar baƙin ciki ce, sai a sara masa. Ganin biyu alheri ne. Wannan ba tsohon camfin ƙasar ba ne, don tsuntsun bai iso Ailan ba sai wajen 1676, ta gundumar Wexford. Masunta sun fi kowa dokoki: ba a fito a cikin jirgi, ba a ambaton yanyawa ko zomo ko alade, kuma wanda ya fara cin karo da mace mai jan gashi a hanyarsa ta zuwa gaɓa yakan juya gida, don ana ɗaukarta mai farar ƙafa.

## Mutuwa: alamu da tsarin kwanan gawa

Alamun mutuwa suna da yawa: tsuntsu ya shigo ɗaki, hoto ya faɗo daga bango, kare ya yi ta kuka da dare. Wadda ta fi shahara ita ce bean sí, macen ɓoye da ake jin kururuwarta kusa da gidan wanda ajalinsa ya zo. An ce tana bin tsofaffin zuri'o'in ƙasar ne, waɗanda sunansu ke farawa da Ó ko Mac. Masu cewa sun gan ta kan ce tsohuwa ce tana taje dogon farin gashi, shi ya sa ake hana yara ɗaukar matajin da suka tsinta a hanya. Farfesa Patricia Lysaght, wadda ta wallafa nazari a kanta a 1986, ta nuna cewa a labaran ba mai mutuwar ke jin kukan ba, dangi da maƙwabta ne. A ƙauyen da kowa ya san wane yana kwance rai a hannun Allah, kukan mujiya ko na macen yanyawa a lokacin barbara, wanda ke kama da ihun mutum, ya isa ya zama sanarwa. A wata fuskar ma daraja ce, don tana nuna gidan na da asali.

Bayan rai ya fita akwai tsari da ake bi. Ana buɗe taga don rai ya samu hanya, ba a tsayawa tsakanin gawa da tagar, sannan a rufe bayan ɗan lokaci. Ana tsayar da agogon bango. Ana rufe madubi ko a juya shi ya kalli bango. Matan unguwa, ba 'yan gidan ba, su ne ke wanke gawa su shimfiɗe ta. A kunna kyandirori a gefenta, kuma daga nan har binnewa, kwana ɗaya ko biyu, ba a barin ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Maƙwabta na shigowa dare da rana, a yi addu'a, a ci abinci, a sha shayi da giya, a da har da raba lofen yumɓu cike da taba da garin taba na shaƙa. Mata masu gwanintar caoineadh, wato waƙar kukan mutuwa, kan tsaya a kan gawa suna jero asalin mamaci da halayensa. Idan mamacin tsoho ne, matasa kan yi wasanni da kacici-kacici har gari ya waye.

Ranar binnewa ana fitar da akwatin gawa ƙafafu a gaba, a kifar da kujerun da aka ɗora shi a kai. Ana bin hanya mafi tsawo zuwa maƙabarta. Wanda ya haɗu da masu rakiya yakan juya ya bi su aƙalla taku uku. Mai ciki ba ta shiga maƙabarta. A kan buɗaɗɗen kabari ana gicciye shebur da magirbi. An kuma yarda cewa wanda aka binne a ƙarshe shi ke gadin maƙabarta har wani ya zo, abin da ya sa a da idan gawa biyu suka doso ƙofa ɗaya akan yi tsere, wani lokaci har da dambe.

Da yawa daga cikin waɗannan na da aikin da suke yi a fili. Tsayar da agogo na riƙe lokacin rasuwa. Taga na ba ɗaki iska. Zama da gawa na kare ta daga ɓeraye da kuliyoyi, yana kuma tabbatar da mutuwar a zamanin da likita ke da nisa. Mafi girma, tsarin ya ɗauke wa masu rashi aiki ya ɗora wa unguwa.

Akwai ɓangaren da ba shi da wannan sauƙin. Jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, ba a binne shi a maƙabartar coci. Uba kan ɗauke shi da dare ko da asuba ya kai shi cillín, wani keɓaɓɓen wuri a kufai, ko bakin teku, ko kan iyakar gonaki, a sa ɗan dutse marar rubutu. An ƙidaya irin waɗannan wurare fiye da 1,400, an kuma yi amfani da wasunsu har tsakiyar ƙarni na 20. Uwaye da yawa sun rayu ba su san takamaiman inda 'ya'yansu suke ba.

Sai imanin musanya: cewa mutanen ɓoye kan sace jariri ko matashiyar mace su bar nasu a madadin. Don kariya akan gicciya awartakin murhu a kan gadon jariri. Yaron da ya daina girma, ko ya shanye, ko halinsa ya sauya, shi ake cewa an musanya, kuma maganin da labarai suka tanada shi ne a tsorata baƙon da wuta har ya gudu. A watan Maris na 1895, a Ballyvadlea ta gundumar Tipperary, wata tela mai shekara 26, Bridget Cleary, ta kwanta da ciwon ƙirji. Likita ya duba ta, limami ya zo. Mijinta Michael ya haƙiƙance ba matarsa ba ce. Shi da wasu dangi suka ɗura mata jiƙon ganye cikin madara, suka riƙe ta a kan murhu suna tambayarta sunanta. Ranar 15 ga wata ya watsa mata kananzir ya ƙone ta, ya binne ta a wani rami, ya je kufan da ke kusa yana jiran ta fito a kan farin doki. Kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba, ta yanke masa shekara 20, ya yi 15. Angela Bourke, wadda ta rubuta littafi a kan shari'ar a 1999, ta jawo hankali ga abin da ke ƙarƙashin labarin: mace ce mai keken ɗinki da kaji da kuɗin kanta, ta shekara takwas da aure ba haihuwa, ta kuma fi matan unguwarta ado. Maganar aljanu ita ce harshen da aka samu na faɗin abin da ba a iya faɗi kai tsaye.

## Yanayi: inda lura ta yi daidai da inda ta kauce

Ailan tsibiri ne a bakin tekun Atlantika, kuma kusan duk hadarinta daga yamma yake zuwa. A gabashi ana samun ruwa kwana 150 a shekara, a wasu sassan yamma har 225. Manomin da ya yanka ciyawa don ingirici yana buƙatar kwana uku zuwa biyar a jere ba ruwa. Idan ya yi kuskure ciyawar ta ruɓe, shanu su kwana da yunwa a sanyi. Haka ma busar da ƙasar fadama da suke haƙowa su ƙona a madadin itace. Don haka karanta sama sana'a ce.

Wasu alamun na da tushe mai ƙarfi. Zobe kewaye da wata ko rana yana fitowa ne idan haske ya ratsa ƙanƙarar siririn girgijen da ke sama da kilomita shida, kuma irin wannan girgije shi ke gaba idan iska mai ɗumi da laima na tahowa daga teku. Idan girgijen ya ci gaba da kauri yana saukowa, iska ta juya kudu, ruwa kan sauka cikin awa 12 zuwa 24. Jan sama da faɗuwar rana na nuna yamma a buɗe take, wato abin da ke tahowa mai kyau ne. Kunkunniya ta riƙa zubowa daga bututun hayaƙi, ko gishiri ya jiƙe, duk alamar laima ta ƙaru ce. Tsattsewa na yin ƙasa-ƙasa saboda ƙwarin da take ci sun sauko, sai dai wannan ya fi nuna halin da ake ciki a kan abin da ke tafe.

Wasu kuwa ba su da madafa. Yawan 'ya'yan sceach a kaka, wanda ake cewa alamar sanyi mai tsanani ce, labarin bazarar da ta wuce yake bayarwa. Cewa idan aka yi ruwa ranar 15 ga Yuli za a yi kwana 40 ana yi, camfi ne da aka aro daga Ingila, kuma bayanan ma'aunin ruwa ba su goyi bayansa ba. Ajiye ɗan mutum-mutumin Yesu yana yaro, wanda suke kira Yaron Prague, a waje daren jajibirin biki don kada ruwa ya ɓata taro, har yau amare na yi, ba mai cewa hasashe ne. Labarin tsohuwar saniyar da ta yi wa watan Maris gori cewa bai kashe ta ba, shi kuma ya ari kwana uku daga Afrilu ya gama da ita, gargaɗi ne ga makiyayi kada ya saki jiki da ciyawar ajiya da wuri.

Iyakar duk waɗannan alamu ita ce ba sa hango abin da ya wuce kwana ɗaya, kuma guguwar teku mai saurin tasowa na iya riga su. Daren 28 ga Oktoban 1927 teku na kwance masunta suka fita, iska ta taso farat ɗaya ta kashe 45 a gaɓar Galway da Mayo. Wadda ta fi zama a zukata ita ce ta daren 6 ga Janairun 1839, Daren Babbar Iska. Ranar 5 ga wata dusar ƙanƙara ta sauka, washegari gari ya yi wani irin ɗumi, da dare iska ta kwashe rufin dubban gidaje ta kashe ɗaruruwa. Wasu sun ɗauka tashin kiyama ne, wasu suka ce daren ne mutanen ɓoye suka bar ƙasar. Da aka fara biyan fanshon tsufa a Janairun 1909 ga masu shekara 70, sai aka tarar babu takardun haihuwa, don rajistar gwamnati ba ta fara ba sai 1864. Ɗaya daga cikin tambayoyin da jami'ai suka riƙa yi wa tsofaffi ita ce ko suna tuna wannan dare.

## Abin da ya karya ƙarfinsu, da yadda ake kallonsu

Babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka yi hijira, kuma mafi yawansu talakawa ne masu magana da harshen asali, wato ainihin ma'ajiyar waɗannan al'adu. Bayanta cocin Katolika, ƙarƙashin babban bishop Paul Cullen da taron bishop-bishop na garin Thurles a 1850, ya ƙara matsa wa kukan mutuwa da wasannin kwanan gawa. Sai na'ura ta shigo. A 1889 aka buɗe masana'antar madara ta haɗin gwiwar manoma ta farko a Dromcollogher. Da madara ta koma ana auna ta ana kaɗa ta da inji a zafin da aka daidaita, zargin satar man shanu ya rasa abin kamawa. Hukumar hasashen yanayi ta Met Éireann ta fara aiki a 1936, lantarki ya fara shiga karkara a 1946, daga baya ciyawar da ake naɗewa a leda bayan kwana ɗaya ta rage dogaro da ranakun rana.

Masu kallon lamarin ba su taɓa zama baki ɗaya ba. Coci ya ɗauke shi ragowar maguzanci, ko da yake jama'a sun gauraya biyun: ruwan coci ake yayyafa wa shanu ranar Bealtaine, giciyen ciyawa na Waliyiya Brigid ake ratayawa ranar 1 ga Fabrairu don tsare gida daga gobara. Jaridun masu goyon bayan mulkin Birtaniya sun yi amfani da kisan Bridget Cleary a matsayin hujjar cewa 'yan Ailan ba su isa mulkin kansu ba. Marubutan farfaɗo da al'ada irin su W. B. Yeats sun ga taskar hikimar ƙasa a ciki, sai dai sun fi ɗaukar mai kyawun su bar mai munin. Masana al'adu na yanzu sun fi tambayar wane aiki imanin ke yi: hana yara shiga ramukan kufai, hana tafiyar dare, ba da suna ga ciwon da ba a san kansa ba. Wannan bayani na da ƙarfi, amma yana iya wuce gona da iri idan aka ce kowane camfi hikima ce a ɓoye. Macen da masunta ke gudu saboda launin gashinta ba ta amfana da komai ba. Masu binciken kayan tarihi kuwa na da hujja a hannu: tsoron aljanu ne ya tsare dubban kufai shekara dubu, kuma da tsoron ya ragu, manyan motocin share gona suka zo, musamman bayan shiga tarayyar Turai a 1973, an baje da yawa.

## Inda abin ke taɓa mutane a yau

Ga manomi da ɗan kwangila, doka ta karɓi aikin da tsoro ke yi. Dokar 1994 ta wajabta ba minista sanarwa a rubuce wata biyu kafin a yi aiki a kan wurin tarihi da ke cikin rajista ko kusa da shi, kuma a 2023 an kafa sabuwar doka mai maye gurbin tsofaffin. A 2012 kotu a Kerry ta ci wani manomi tarar Yuro 25,000 saboda rusa kufai. Bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ba ta da irin wannan rajista. Abin da ke tsare ta shi ne wuyar samun ma'aikacin da zai yarda ya sa mata zarto. Mafi yawan masu ƙin za su ce ba su yarda da aljanu ba, amma kewaye bishiya ɗaya da tarakta ba ya cin komai, sare ta kuwa na nufin duk wata asarar da ta biyo baya za a ce ga dalili.

Har lambar mota abin ya taɓa. A Ailan lamba na farawa da shekarar rajista, don haka motocin 2013 da sun ɗauki 13. Aka sauya tsari zuwa 131 na watanni shidan farko da 132 na watanni shidan ƙarshe. Dillalai na da babban dalili, wato raba cinikin da ke cunkushewa a farkon shekara, amma tsoron kada masu saye su guji lambar ya shiga lissafi, kuma tsarin ya zauna.

Al'adun mutuwa su ne suka fi rayuwa. Har yanzu ana binnewa cikin kwana biyu ko uku, saɓanin Ingila inda akan yi makonni. A karkara ana kwana da gawa a gida, shaguna na rufe ƙofa idan rakiya za ta wuce. Lokacin annobar korona a 2020, da aka taƙaita masu halartar jana'iza zuwa mutum 10, maƙwabta sun riƙa jeruwa a bakin hanya nesa da juna har motar gawa ta wuce. Baƙin da ke aikin jinya da kula da tsofaffi a ƙasar, ciki har da 'yan Najeriya da dama, za su ci karo da iyalin da ke son a buɗe taga bayan rasuwa, ko kada a bar mamaci shi kaɗai kafin masu ɗauka su zo. A ƙauyuka da yawa kuma jama'a sun share wuraren cillín, sun kafa dutsen tunawa, limami ya zo ya sa albarka, musamman bayan 2007 da wani kwamitin malaman fadar Paparoma ya bayyana cewa akwai dalilin fatan rahama ga jariran da suka mutu ba baftisma.